Fetur, fenti da injin walda a ɗaki ɗaya: yaya zan jera su?

Sabon Hannu ya rubuta:

Assalamu alaikum, manyanmu. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin.

Akwai ɗaki a gefen gida da na mayar wurin aiki. Faɗinsa mita 3, tsawonsa mita 4, rufin kwano ne babu silin, taga ɗaya, ƙofa ɗaya. Aikin katako nake yi a ciki, da 'yar walda idan ta kama. Abin da ke ciki yanzu: jarkar fetur ta janareta mai cin lita 20, galan ɗin tina, banish, man linsid na shafa wa katako, gwangwanayen fenti wajen goma waɗanda duk an taɓa, gam iri uku, ƙaramar tukunyar gas, injin walda na lantarki, giranda, batiran dirila uku, batirin mota ɗaya, buhun siminti uku, katako da filawud, sai ƙusoshi da noti da sukuru duk a cakuɗe cikin bokiti. Akwai kuma asid na wanke siminti, da bilic, da soda mai ƙuna.

Niyyata in haɗa doguwar kanta ɗaya jikin bango in jera komai a kai, manya ƙasa, ƙanana sama. Wane katako zan sa don kada ta lanƙwashe? Mene ne bai kamata ya zauna kusa da wani ba? Kuma me ke sa kayan ƙarfe suna tsatsa alhali ruwa ba ya shiga ɗakin? Akwai ƙananan yara a gidan.

Mai Walda ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ajiye maganar kanta tukuna, a fara da tartsatsi, don shi zai gaya maka inda komai zai zauna.

Tartsatsin giranda da na walda yana tafiya fiye da yadda ido ke gani. Ƙa'idar aikin wuta a Amurka ta ce a kawar da duk abin da zai kama wuta har nisan ƙafa 35 daga wurin aikin, wato kusan mita 11. Ɗakinka daga kusurwa zuwa kusurwa mita 5 ne. Ke nan babu wani lungu a ciki da tartsatsi ba zai kai ba. Don haka abu biyu ne: ko dai fetur da tina su bar ɗakin, ko giranda da walda su koma waje. Abin da ya fi shi ne a yi duka biyun.

Fetur shi ne na farko da zai fita. Ba ruwansa ke kama wuta ba, tururinsa ne, kuma yana fitar da tururin da zai kama ko da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifili. Tururin ya fi iska nauyi ninki uku zuwa huɗu, saboda haka ba ya bin taga ya fita, kwanciya yake yi a ƙasa kamar ruwa yana malala. Da zarar ya kai kashi 1.4 cikin 100 na iskar wurin, tartsatsi ɗaya ya isa. Yi lissafin da ɗakinka: daga daɓe zuwa tsayin santimita 30 akwai iska lita 3,600. Lita ɗaya ta fetur tana zama tururi tsakanin lita 150 da 200. Wato abin da bai wuce sulusin lita ba, idan ya zube ko ya tsiyaye ta murfin da bai rufu ba, ya isa ya cika wannan shimfiɗar ta ƙasa. A nan ƙasan kuwa soket ɗin jona waya yake kwance, nan garwashin walda ke faɗawa. Ita kanta giranda da dirila mai gawayi suna tartsatsi a cikinsu duk lokacin da suke juyawa.

Yi wa fetur ɗan akwati a waje, cikin inuwa, nesa da ƙofa da taga da wurin da janareta ke aiki, mai ƙofar da ake sa wa kwaɗo, da kafar iska sama da ƙasa. Jarkar ta zama wadda aka ƙera don fetur, ba wadda aka zubar da wani abu aka wanke ba. Kada a cika ta maƙil. Fetur yana kumbura kusan kashi ɗaya cikin dubu a kowane digiri, don haka lita 20 da zafi ya ƙaru mata da digiri 20 za ta ƙara kusan lita 0.4, kuma in babu fili sai ta nemi hanya ta murfi. A bar kamar kashi 5 cikin 100 babu komai. Idan za a zuba mata mai, a sauke ta ƙasa, kada a cika ta tana cikin mota ko kan roba, saboda wutar da gogayya ke tarawa.

Tukunyar gas ma waje, a tsaye, an ɗaure ta da sarƙa ko igiya mai ƙarfi jikin bango don kada ta faɗi kan bawul. Gas ɗin shi ma ya fi iska nauyi, kada a ajiye ta kusa da bakin magudana ko rami. Ana gwada yoyo da ruwan sabulu a mahaɗa, kumfa zai nuna. Amma kada ta shiga akwati ɗaya da fetur.

Tina, banish da gam mai warin tina, in za su zauna a ɗakin, su a kabad na ƙarfe mai ƙofa, a kusurwar da ta fi nisa da ƙofar ɗakin, don in wuta ta tashi kada ta tare maka hanyar fita. A huda kabad ɗin sama da ƙasa ya riƙa shan iska.

Shi kuma elektirod, wato sandar walda, danshi ne abokin gabarsa. Garin da ke jikinsa yana tsotsar laima, sai ka ga walda tana tofi, tana fitowa da ƙananan ramuka. Yanki bututun roba na ruwa mai tsawon santimita 40, ka toshe gefe ɗaya, ka sa wa ɗayan murfi mai zare, ka jefa ƙunshin silika mai tsotse laima a ciki. Wannan ya wadatar wa elektirod mai lamba E6013. Shi E7018 ya fi haka tsanani: in an buɗe kwalinsa, a cikin tanda mai zafin digiri 120 zuwa 150 ake riƙe shi, in ya sha iska na awoyi sai walda ta riƙa tsagewa daga baya. Mai aiki a gida ya sayi ƙaramin ƙunshi wanda zai ƙare a aiki ɗaya.

Kafinta ya rubuta:

Malam Mai Walda ya gama magana a kan tartsatsi. Amma akwai abu ɗaya a jerin kayanka da ba ya jiran tartsatsi, shi ne man linsid.

Wannan man ba ya bushewa kamar yadda ruwa ke bushewa. Haɗuwa yake yi da iskar oksijin ya daskare, kuma wannan haɗuwar tana fitar da zafi. A jikin katako zafin yana watsewa, ba a ko jin sa. A tsumman da aka dunƙule aka jefa kwando, zaren tsumma ya ba man fili mai yawa na haɗuwa da iska, dunƙulewar kuma ta tsare zafin a ciki. Zafi yana ƙara saurin aikin, aikin yana ƙara zafi, cikin 'yan awoyi sai hayaƙi, sai wuta, yawanci bayan an kulle ɗaki an tafi. Haka man tung yake, da duk banish ko fenti mai mai da aka haɗa da irin waɗannan. Dusar katako da aka share man da ita ma haka take yi. Maganinsa: kowane tsumma a warware shi, a shanya shi shi kaɗai a waje kan siminti ko kan waya, a danne da dutse, har sai ya yi tauri kamar fata, kwana biyu ko uku. In babu halin shanya, a nutsar da su cikin ruwa a gwangwanin ƙarfe mai murfi, ruwan ya rufe su gaba ɗaya. Tsumman baƙin mai na inji ba ya ɗaukar zafi da kansa haka, amma makamashi ne, shi ma gwangwanin ƙarfe mai murfi ya dace da shi.

Yanzu kanta. Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne tazarar da ke tsakanin ƙafafu tana yin ɓarna da sauri kamar rashin kaurin katako. Da nauyi iri ɗaya, in ka ninka tazarar sau biyu, lanƙwasar za ta ninka sau takwas. Haka in ka ninka kauri sau biyu, lanƙwasar ta ragu zuwa kashi ɗaya cikin takwas. Don haka filawud mai kaurin milimita 18, kada tazarar ta wuce santimita 80, in gwangwanin fenti ko ƙarfe za a ɗora ka dawo da ita 60. Sannan ka samo siririn katako mai milimita 18 da 40, ka tsayar da shi a kan gefensa a jikin bakin gaba, ka manna da gam ka ɗaure da sukuru kowane santimita 20. Wannan ɗan katakon ya fi ƙara kaurin allon gaba ɗaya amfani. In ka bar shi ya ɗan ɗara saman allon da santimita ɗaya ko biyu, zai hana gwangwani zamewa. MDF da allon da aka yi da dusar katako ba na wannan aikin ba ne: suna lanƙwashewa a hankali ƙarƙashin nauyi ba sa dawowa, danshi kuma yana kumbura su.

Zurfin kanta kada ya wuce santimita 40. Mai zurfi tana sa a jera abu layi uku, na baya ya ɓata har ya lalace, a sake sayen sabo. Allon ƙasa ya tashi daga daɓe da santimita 15 don shara da ruwa. Dole a ɗaure kantar da bango ta sama, aƙalla wuri biyu, saboda yaro yana ganin kanta kamar tsani. In bulo mai rami ne, filogi na roba a fatar bulon ba ya riƙe nauyi. A nemi inda bulon yake da ciki, ko a yi amfani da irin maɗaurin da ke buɗewa a cikin rami. Nauyin kuma ya sauka kan ƙafafu zuwa ƙasa, aikin maɗaurin bango shi ne hana faɗuwa kawai.

Tunaninka na manya ƙasa ƙanana sama, gyara shi ya zama masu nauyi ƙasa. Gwangwanin lita ɗaya cike da noti yana kai kilo 3 zuwa 4, ƙarami ne amma in ya faɗo daga saman kai ba wasa ba ne.

Katako a kwance, kan ƙananan sanduna masu kauri ɗaya da aka jera kowane santimita 40 zuwa 60, kuma sandunan kowane hawa su zo daidai kan na ƙasa, in ba haka ba falanki ya ɗauki siffar igiyar ruwa. Filawud ko dai a kwance shimfiɗe, ko a tsaye kusan cak kan katako biyu. Wanda aka jingina a karkace sosai zai yi ciki. Siminti ya hau dandamali santimita 15 zuwa 20 daga ƙasa, kada ya taɓa bango, a lulluɓe da leda, a yi amfani da shi cikin wata uku. In ka murza dunƙulen da yatsa bai fashe ba, ya riga ya sha ruwa.

Sabon Hannu ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara sani. To asid da bilic da sodar fa, in sa su cikin kabad ɗin ƙarfen tare da tina tunda shi ne mai kwaɗo? Sannan na ji ana cewa a kifa gwangwanin fenti don kada ya yi fata, gaskiya ne?

Malamar Sinadarai ta rubuta:

A'a, ɗana, kada ko ɗaya cikin ukun ya shiga kabad ɗin. Kuma ina jin a cikinsu amsar tambayarka ta tsatsa take.

Asid ɗin wanke siminti galibi haidirokulorik ne. Yana fitar da hayaƙi ko da murfinsa a rufe, kaɗan-kaɗan, hayaƙin ya haɗu da laimar iska ya sauka kan duk wani ƙarfe da ke ɗakin. Alamarsa ita ce tsatsa mai laushi ja-ja a kan komai lokaci ɗaya, har da abin da ba a taɓa ba, kuma ta fi yawa a kusa da jarkar. Duba hinjin ƙofa da ƙusoshin da ke wajen. In ka sa shi a kabad na ƙarfe, zai ci kabad ɗin daga ciki, ya ci gindin gwangwanayen tina har su fara yoyo. Wurinsa waje, a jarkarsa ta asali, cikin bokitin roba mai murfi, a ƙasa, a kulle.

Bilic da asid in sun haɗu iskar kulorin suke bayarwa, mai ƙona huhu, kuma ba sai an zuba su da gangan ba, yoyon ɗaya ya gangara kan na ɗaya ya isa. Bilic da duk abin da ke da amoniya, kamar wasu ruwan goge gilashi, shi ma iska mai guba ne. Soda da asid suna tafasa su fantsama. Soda kuma tana cin alminiyam da ƙarfe mai rufin zinki tana fitar da haidirojin, iskar da ke fashewa, sannan tana tsotsar laima ta narke, saboda haka sai a robar da ke rufuwa ruf. Ke nan gida uku daban: asid shi kaɗai, bilic shi kaɗai, soda ita kaɗai, kowanne cikin tasa ko bokitin roba da zai iya ɗauke dukan abin da ke babbar jarkar in ta fashe, da ɗan ƙari. Kada ɗaya ya zauna a saman ɗaya. Duk ruwa mai ƙuna ya kasance ƙasa da ido, don kada a miƙa hannu sama ya kwaro a fuska. In za a surka, asid ake zubawa a ruwa a hankali, ba ruwa a asid ba.

Ina da gyara ga Malam Mai Walda a kan huda kabad. Akwatin fetur da ke waje, i, ya sha iska. Amma kabad ɗin da ke cikin ɗaki amfaninsa biyu ne: ya tare tartsatsi, ya kuma jinkirta wuta ta kai ga abin da ke ciki. Ramin ƙasa zai riƙa zubo tururi daidai kan daɓen da ake walda, ramin sama kuma ƙofa ce ga tartsatsi. Ko dai a bar shi a rufe, ko a jona ramin da bututun ƙarfe ya fita waje. In an buɗe kabad wari ya bugi hanci, murfi ne bai rufu ba, shi za a nema a gyara. Kuma kada a ce za a sa tina a firij don zafi, makunnin da ke cikinsa yana tartsatsi.

Batun yara shi ya fi damuna. Kada a taɓa juye tina, kananzir, asid ko ruwan lagireto a kwalbar abin sha, ko na minti biyar ne. Yaro siffar kwalba yake ganewa, ba rubutu ba. Ruwan lagireto ma zaƙi gare shi, kuma yana lalata ƙoda. In yaro ya sha fetur, kananzir, tina, asid ko soda, kada a sa shi amai. Masu mai suna shiga huhu wajen dawowa, masu ƙuna kuma su sake ƙona maƙogwaro. A tafi asibiti nan take da jarkar a hannu. In ido ne, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta aƙalla minti 15 kafin komai, soda ma ta fi buƙatar a daɗe, don haka jarkar ruwa mai tsabta ta zauna kusa da ƙofa.

In dole a juye, a duba gindin robar: mai alamar 2 ko HDPE tana jure yawancin waɗannan, amma asiton da wasu nau'in tina suna narkar da roba mai ƙwari irin ta kofi. A rubuta suna da ranar buɗewa da maka a jiki, ba a murfi ba, don murfi yana musanyuwa. Alamomin da ke cikin jan lu'ulu'u a jikin kwali suna da ma'ana: harshen wuta mai kamawa ne, harshen wuta a kan zobe mai rura wuta ne kuma ba ya zama da na farko, ruwa mai ɗiga kan hannu da ƙarfe mai ci ne. Takardar bayanin kariya ta kowane sinadari tana da sashe 16. Na 7 shi ke faɗin yadda ake ajiya, na 10 kuma abin da ba a haɗa shi da shi.

Kafinta ya rubuta:

Kifa fenti ba na ba da shawararsa. Fatar za ta yi dai, sai dai ta koma gindi ta farfashe cikin fentin, kuma in murfin ya lotsa ka kwana da fenti a kanta. Iskar da ke cikin gwangwani ce ke sa fata. A goge kwarmin baki tas, a shimfiɗa leda, a ɗora murfi, a buga da katako a kai ba da guduma kai tsaye ba. In abin da ya rage bai kai rabi ba, a juye a ƙaramin gwangwani da zai cika. A ɗiga ɗigo a jikinsa don gane launi. Fenti mai ruwa in ya fara wari kamar ruɓa ko ya yi gudaji da ba sa narkewa, ya tashi aiki. Farin gam na PVA shekara ɗaya zuwa biyu yake yi. Gam mai kamawa nan take da na foliyuretan laimar iska ce ke daskarar da su, a matse iska a rufe, a sa su a kwalba da silika.

Tsohon Makaniki ya rubuta:

Batiranka iri biyu ne, kuma ajiyarsu kishiyar juna ce.

Na dirila litiyam ne. Mai bolt 18 ƙwayoyi biyar ne a jere, kowace tana kai bolt 4.2 in ta cika. Zama a cike cikin zafi yana cinye masa rai, zama a fanko kuma yana sa ƙwaya ta faɗi ƙasa da 2.5 ta ƙi karɓar caji. In za a daɗe ba a yi aiki ba, a bar shi wajen rabi, fitila biyu cikin huɗu, a cire daga jikin dirila da caja, a duba bayan wata uku. Allon sama ƙarƙashin kwano shi ne wuri mafi zafi a ɗakinka, kada batir ko gwangwanin feshi ya hau can. Yawancin gwangwanin feshi an rubuta musu kada su wuce digiri 50. Kada a jefa batir a durowa ɗaya da ƙusoshi, ƙusa ɗaya ta haɗa bakinsa biyu ta isa. Soson ƙarfe ma ko ƙaramin batir mai bolt 9 ya taɓa shi yana kamawa. Caji a yi shi kan siminti ko tayil, kana kusa, ba a kwana ana yi ba. Wanda ya kumbura, ya tsage ko yake wari, a fitar da shi waje cikin bokitin yashi.

Na mota kuwa a cike ake ajiye shi. Cikakke yana nuna bolt 12.6, in ya sauka ƙasa da 12.4 a yi masa caji, in ba haka ba farin gishiri ya daskare a farantansa ya mutu. Yana fitar da haidirojin wajen caji, ita kuma sama take tashi ta taru ƙarƙashin rufi, saboda haka a buɗe ƙofa da taga, kuma ba a walda a lokacin.

Faifan giranda yana da ranar ƙarewa, mutane da yawa ba su sani ba. Tana buge a zoben ƙarfen tsakiya, shekara uku daga ƙira. Gam ɗin da ya riƙe shi yana rauni da laima da zafi, faifai mai milimita 115 kuwa ana ba shi izinin juyawa har sau 13,300 a minti, in ya tarwatse a wannan gudun fuska yake nema. A ajiye su a kwance kan abu mai shafe, a bushe, kada a ɗora nauyi. Wanda ya faɗi ƙasa a karya shi a yar.

Bokitin ƙusoshi: juye kan tire, ka fara raba iri, ƙusa gefe, sukurun katako gefe, bol da noti gefe. Bol a raba shi da kauri, M6, M8, M10, ba da tsawo ba, tsawo ido yana gani. A ɗaura samfuri ɗaya a gaban kowane akwati. Duba kan bol, lambar 4.6 ko 8.8 ko 10.9 ƙarfinsa ce, kada mai 4.6 ya shiga inda aka cire mai 8.8. Akwatunan roba masu murfi sun fi kwalba, kwalba tana fashewa a daɓe. Duk wanda zarensa ya cinye ko ya yi tsatsa a zubar tun yanzu.

Bayan an fitar da asid, a kankare tsatsar, a shafa mai siriri, a sa kayan awo da kurfi a durowa mai rufuwa da silika. Silika in ta ƙoshi ana gasa ta a digiri 120 na awa biyu ta dawo. Magagari kada ya gogi ɗan'uwansa, haƙoransu ke mutuwa, a yi wa kowanne gurbi.

Mai Walda ya rubuta:

Na karɓi gyaran Malama, kabad na cikin ɗaki a bar shi ba huda.

Abin kashe gobara ya zama mai gari, mai rubutun ABC, kilo 6, a rataye a bakin ƙofa inda hannu zai kai ba tare da an shiga ɗakin ba. Allurarsa ta zauna a kore, a duba kowane wata. Ba a zuba wa fetur ko tina ruwa, a saman ruwan suke yawo su bazu. Bokitin busasshen yashi a gefensa yana tare malala. Hanya daga teburin aiki zuwa ƙofa ta kasance babu waya, babu katako.

Kafin giranda ko walda a share dusar katako tas, har ƙarƙashin kanta, don garwashi yana shiga cikinta ya yi ta ci a ɓoye. In ka goge alminiyam, share garinsa kafin ka koma kan ƙarfe, garin alminiyam da na tsatsa in sun cakuɗe suna kamawa da zafin da ke narkar da ƙarfe. Bayan aikin wuta kada a kulle a tafi. A zauna aƙalla minti 30 ana kallo ana shinshina, wasu ƙa'idojin ma awa ɗaya suka sa. Sannan a kashe wutar ɗakin daga babban makunni, a sa kwaɗo, mabuɗin ya tafi inda yaro ba zai kai ba.